Na Ba Ka Gudu, Ban Ba Ka Birki Ba

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum. Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, miƙo min za ka yi ka ce in karanta maka, tunda ni ne sarkin cin takarda a gidan. To ka saurara, yau ba ka da bakin katse ni.

Gida ga shi nan dai. Umma ta rame, ba ta cin tuwo sai an tsaya a kanta. Matarka Zulai tana takaba, ko zaure ba ta leƙawa. An girbe geron gonar Utai, a amalanke aka kawo shi, tunda a-kori-kurarka tana bayan ofishin 'yan sanda a lanƙwashe kamar gwangwanin madara. Jibi ne sadakar arba'in ɗinka. Ban sani ba ko zan kasance a wurin, kuma dalilin ne ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna yadda na ishe ka kan motar nan? Ta girme ni. Duk Juma'a ka loda mata buhuna daga Dagumawa zuwa kasuwa, tana nishi, mai keke ma yana neman wuce ka, 'yan tasha suna kiranta kunkuru. Kai dariya kake, ni kuwa jinina ke tafasa. Har na fasa wa wani baki a kan haka, ka mare ni a gaban jama'a.

Na ce maka ba tsufa ke damunta ba, numfashi ne ba ta samu. Na samo wani kan inji, tof silinda, a wajen 'yan gwangwan. Ina da tsohon littafin kanikanci na Turanci marar bango, na bi shi da ƙamus layi-layi, na haɗa da bidiyon waya. Wata biyu ina durƙushe a zaurenmu. Na faɗaɗa ramukan da iska ke shiga, na bi su da samfefa har yatsana ya daina jin gargada. Na manna samfefa a kan gilashin taga, na yi ta goga fuskar ƙarfen don matsi ya ƙaru. Bawul takwas masu buɗe wa iska hanya, ɗaya bayan ɗaya na murza su a tafin hannu kamar Umma na burga miyar kuka, sannan na tsiyaya kananzir in ga ko zai zurara. Ko ɗigo. Kanikawan gareji suna ta ƙyalƙyala dariya, wai ɗan takarda zai kashe inji. Jakai. Ranar da muka ɗaura shi ka murɗa makulli, ta yi wani gurnani da ya sa akuyar maƙwabta tsinke igiya. Ba ka yabe ni ba, ba halinka ba ne. Sai ka sauko ka miƙo min makullin in fara ja. Wallahi Yaya, ban taɓa jin ni mutum ba ne sai ranar.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba.

Sau uku ka ce min birki ya yi laushi, in duba. Sau uku na ce bari in gama saita kafireto. Wa zai tafa min a kan birki? Safiyar Juma'ar nan na buɗe kofin man birki na tarar ya ƙafe. Shagon da ake sayar da man a Sabon Gari bai buɗe ba, kai kuma kana ta danna hon. Sai na kaɗa ruwan sabulu na ɗura, yadda duk wani tsohon direba yake yi a tasha. Kai ma ka sha yi, na sani. Amma kai ka yi ne lokacin tana kunkuru. Littafin ya faɗa ƙarara: in ƙarfe ya ɗau zafi ruwa tafasa yake, ya koma tururi, ka taka ƙafarka ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Na karanta shafin. Har layi na ja a ƙarƙashinsa. Na rufe bonet na ɗaga maka hannu.

Me ka ji a gangaren gadar nan da ƙafarka ta nutse? Ka tuna da ni? Ka zage ni? Ina ma ka zage ni.

Da na iso, ka riga ka shige ƙarƙashin tirela ta baya, an ciro ka an lulluɓe da buhunanka. Jama'a sun jawo direban tirelar zuwa ƙasa suna ihu wai shi ya ci birki ba sigina. Dattijo ne mai furfura, daga baya na ji sunansa Malam Haladu. Na fizgo ƙarfen kwance taya daga bayan motarka na ratsa taron. Na fara da hannun da ya ɗaga yana kare fuska. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Na sake. Na sake. Haƙoransa a kan kwalta, jini ya rina gemunsa, yana salati yana kirana ɗana. Ban tsaya ba sai da 'yan sanda suka harba bindiga sama. Kuma duk bugun da na kai masa, na san abin da ke cikin kofin nan. Ba don kai na dake shi ba, Yaya. Na dake shi ne don kada wani ya waiwayo ya tambaye ni.

Yanzu a unguwa ni jarumi ne. In na je teburin mai shayi sai a matsa min benci, wai ga namijin da ya rama wa ɗan'uwansa. Ji nake kamar in kifa musu tukunyar a ka.

Makon jiya aka bar ni na kwanto kan injin daga motar. Ka san ko ƙwarzane bai yi ba? Mota ta mutu, kai ka mutu, shi yana ƙyalli. Na kawo shi zaure na ɗauki guduma na yi ta zabga masa har ya dare biyu, tafin hannuna ya fashe. Umma ta fito ta tsaya tana kallona tana hawaye, tana sa min albarka. Ta ɗauka ƙaunarka ce. Ba ta ga ɗaya abin da na cire na cusa a aljihu ba: kofin birkin, da busasshiyar kumfa a bakinsa.

Malam Haladu yana asibiti, ƙafarsa a ɗaure da ƙarfen gado. An ce hannun nan ba zai ƙara riƙe sitiyari ba. Na je sau biyu na tsaya daga nesa, na ga matarsa zaune a bakin ƙofa da kwanon abinci a cinya. Ran Litinin za su kai shi kotu a kan ranka. Mutumin da yake tafiya a hannunsa na titi, bai san ma kana duniya ba.

Gobe in na fito masallacin asuba zan fara da Umma. 'Yan sanda ba sa ba ni tsoro, idonta ne ke ba ni. Daga ɗakinta zan wuce ofishin da kofin nan a hannuna, in faɗi na sabulun, in faɗi na ƙarfen. In sun riƙe ni, Kawu zai tsaya a kan sadakarka.

Ba yafiya nake roƙo ba, ba ka nan balle ka yafe. Da kana nan da ka zabga min mari irin na tasha, ka ce in wuce in je in gyara abin da na ɓata. To na ji. Zan tafi.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Sai na zo.

Ƙaninka da ya ba ka gudu,
Sabi'u