Kiɗan Baba a Murfin Akwati

Utaibiyya, Makka
Farkon Rajab

Yaya Hafsa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Kano. Ya ƙafar taki? Mu nan alhamdu lillahi. Baba yana nan yadda kika bar shi, hannun dama bai dawo ba tun da ya shanye, magana kuwa sai kalma ɗaya-ɗaya, amma yana cin abinci.

Na ba masu Umra wannan takarda ne saboda maganar doguwa ce, ke kuma a waya ba kya barin mutum ya kai aya.

Kin san 'yata Samah tana koyon kamanja a Jidda, gogen nan na Larabawa da Baba ya riƙa bugawa a gidan rediyo kafin ya rataye shi. Malaminta, Ustaz Hamad, yana bin tsofaffin kiɗe-kiɗen da aka daina bugawa yana naɗarsu. Da ya ga sunana, Hadijatu Mailafiya, a takardunta sai ya tambaye ta ko ta san wani Dawuda Mailafiya. Ashe, Yaya, Babanmu ya taɓa tsara kiɗa nasa na kansa, na taron makaɗa guda, aka buga shi sau ɗaya, faifan ya ɓace. Mu ko mun tashi muna ganin mai sayar da carbi ne kawai a unguwar Jarwal.

Ustaz yana so a naɗa kafin azumi, don daga nan makaɗansa za su watse. Sai dai yana bukatar nota, wato takardun da ake rubuta kiɗa a kai da ɗige-ɗige bisa layuka. Babban kundin da ya haɗa komai ya tafi ranar da aka rushe gidanmu na Jarwal. Abin da ya rage shi ne takardar kowane makaɗi, wadda yake tafiya da ita gida a kuben kayan kiɗansa. Makaɗan kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Haka muka shiga bin gidajen magada, ni da Samah, ƙafata har ta kumbura. A unguwar Kudai wani ya ɗauka gado muka zo nema, ya bar mu tsaye a ƙofa cikin rana. Wata tsohuwa kuma ta zuba mana shayi, ta yi kuka ta ƙoshi, sannan ta jawo tata daga ƙarƙashin katifa. Mun haɗa duka ban da biyu, ta kanun, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, da ta nai, wato sarewa. An ce masu su sun mayar wa Baba tun da ya bar kiɗa.

To jiya ina fito da barguna daga akwatin aurena na ƙarfe, sai Samah ta ƙwala ihu. Takardar da Inna, Allah ya ji ƙanta, ta manne cikin murfin, wadda na shekara da shekaru ina kallo, ta kanun ce. Baba yana rubuta Bismillah a saman kowace takarda, kin ga Inna ba za ta zubar ba, ba kuma za ta naɗe ƙosai da ita ba. Sai ta lulluɓe mana cikin murfin akwatunan aure da su don albarka.

Mu biyu ta aurar. Don Allah ki buɗe naki, ina zaton ta sarewar tana can. Kada ki ɓamɓare, ki sa a ɗauki hoto a turo.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hadijatu

Utaibiyya, Makka
Ƙarshen Rajab

Yaya Hafsa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ya jikin maigida?

Na ji saƙonki a bakin Hajiyar da ta kawo mana kuka da daddawa, an gode. Kin ce akwatin yana Bichi wurin 'yarki Shaima tana ajiye garin tuwo a ciki, kuma tsoho mai ƙafa ɗaya a kabari istigfari ya kamace shi ba kiɗa ba. Yaya, raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ni ce nake yi masa alwala, ni nake jin istigfarinsa safe da yamma, babu wanda zai koya mini wannan. Bichi kuma ba bangon duniya ba ce.

Bari ki ji abin da ya faru. Samah ta zauna gabansa ta buga masa kason kamanja. Na ji tsoro kada ya yi fushi, sai na ga yana buga gwiwa da hannun hagu, daidai-daidai. Da ta kai tsakiya ta tsaya, domin a nan takardarta babu komai sai layukan jira, wurin mai sarewa ne shi kaɗai. Baba ya ɗaga hannun ya bar shi a sama, yana jiran abin da bai zo ba. Da shirun ya yi yawa sai ya juya fuska bango. Ranar ko miya bai taɓa ba.

Ustaz Hamad ya ce zai iya ƙirƙirar abin da zai cike gurbin. Na gaya wa Baba, ya girgiza kai har hularsa ta faɗi. Shi ma Ustaz ya ce gaskiyar Baba, sarewar ce uwar kiɗan, in babu ita gara a fasa.

Likita ya ce zuciyar tana rauni. Ban ce zai tafi gobe ba, rai na Allah ne, amma ni dai ba zan jira baɗi ba. Ki yi haƙuri da bakina, kin san ni. Ki aika Bichi.

Taki har kullum,
Hadijatu

Utaibiyya, Makka
Tsakiyar Sha'aban

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan kin huce gajiya. Shaima ta gaya mini da kanki kika hau mota da wannan ƙafar, kika juye mata gari a tabarma, kika goge murfin da gefen mayafinki. Na yi dariya har da hawaye. Allah ya saka miki da Aljanna, ya bar mu tare.

Hotunan sun fito ras. Tsatsa ta ci gefe, amma ba ta taɓa layi ko ɗaya ba. An naɗa ranar Asabar. Mun ɗauki Baba a keken marasa lafiya, na sa masa farar taguwarsa ta Juma'a, aka ajiye shi bayan gilashi kusa da mai na'ura. Farkon kiɗan irin na Hijaz ne sak, mai nauyi, kamar na gidan bikin Larabawa. Ina ta satar kallonsa, shi kuwa ko motsi.

Sai kowa ya yi shiru, mai sarewa ya shiga. Yaron ɗan garin Ɗa'if ne, bai san ko sannu da Hausa ba. Yaya, nan take na gane abin da yake busawa. Waƙar da Inna take yi ce in tana daka a soron Jarwal, wadda take ja a hanci ba ta furta kalmomin. Ita ce Baba ya ɗauka ya sa a tsakiya, Larabawa goma sha wani abu suka ajiye kayansu suna jiranta. Na toshe baki da mayafi don kada kukana ya shiga na'ura.

Da aka gama, Ustaz ya zo ya durƙusa ya sumbaci kan Baba, ya tambaye shi da Larabci ko akwai gyara. Baba bai kula shi ba. Ni ya kama da hannun hagu, ya yi ta kokawa da harshensa. Rabon da ya haɗa magana guda tun kafin ya faɗi. Da Hausa ya ce:

"Uwarku ce. Ku kai wa Hafsa ta ji."

Ga shi nan Samah ta turo a wayar Shaima. Ki kori yara, ki rufe ƙofa, ki zauna kafin ki kunna.

Ki gaida maigida. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hadijatu Mailafiya