Muryar da Ta Kira Sunana

Da sunan Allah mai rahama. Ni mahaifinku, kafinta, nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Ciwon a ƙirji yake, bai hau kai ba. Liman da likitana suna zaune suna kallon biro yana tafiya, za su sa hannu a ƙasa. Na ƙi yarda a ɗauki maganata a waya, za ku ga dalili.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya ce. Zarto da gudumata na riga na ba Auta tun ina da rai, don ita kaɗai a cikinku ta san kan ƙusa da gindinta.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na nemi takarda. Rabin shagon kafinta, ɓangaren da ke kallon titi, ba namu ba ne. Na Baffanku ne, ku mayar masa kafin ku taɓa komai.

Mu biyu mahaifinmu ya bar wa shagon. Shekara shida da suka wuce Baffanku ya nemi a raba, ya tsaya da ƙafarsa. Ni kuwa girman kai ya hana ni, har muka kai kotu. Sai kai, Injiniya, babban ɗana mai gyaran waya, ka zo ka kunna min wata murya. Ta Baffanku ce sak, har da ɗan kakin da yake yi kafin ya fara magana, yana cewa ya bar min rabonsa duniya da lahira. Ban tambaye ka inda ka samo ba, don ba na son jin amsar. Daga baya na gane gaisuwar da yake turo mana a waya ka tattara, ka ba na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira ta koyi muryarsa.

Sau uku alƙali ya sa aka kunna. Baffanku ya rantse ba shi ba ne. Masanin da aka kira ya yi ta juya takardu yana share gumi, ya kasa cewa e ko a'a. Alƙali ya ce dokar da ke gabansa an rubuta ta ne lokacin da kowace murya mai ita ɗaya ne, kuma ba zai iya rantsar da na'ura ba. Sai ya juyo kaina, tunda ni na goyi mutumin. Na rantse na ce muryar ƙanena ce. Da haka alƙali ya ba ni shagon duka.

Alhali muryar nan ta kira sunana. An sa sunan ne don kada kotu ta yi shakkar wanda ake nufi. Baffanku kuwa tun yana rarrafe bai taɓa kiran sunana ba, Yaya yake cewa, ko a ranar da muke ɗaga wa juna murya gaban alƙali. Duk ɗakin babu wanda ya lura sai ni da shi. Ya dube ni yana jira in yi magana, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Wallahi kallon nan ya fi wannan ciwon cin raina.

Na uku. Lauya, 'yata, ki kai takardar nan kotu a gyara hukuncin. Kin taɓa gaya min har yanzu masana suna gardamar wa za a kama idan na'ura ta yi ƙarya, wanda ya ƙera ta ko wanda ya sa ta. Su ci gaba da gardamarsu, a wannan shari'ar na hutar da su. Na'ura ba ta rantse ba, ni na rantse. Kada ki rufa wa sunana asiri. Idan aka tambayi yayanki ya faɗi gaskiya, ke kuma ki tsaya kusa da shi.

Na huɗu. Injiniya, na yafe maka, don ka yi abin da ka ga zuciyata tana so ne. Ka goge duk muryar dangi da ka tara, tawa ma. Kada in mutu ka sa ni magana, wadda na yi da rai ta ishe ni hisabi. Ka je wurin Baffanka da ƙafarka. Sau biyu na sa hula zan je na fasa, yanzu ƙafar ma ta ƙi.

Na biyar. Ina roƙon Baffanku ya yi min wanka. Idan ya ƙi, kada wanda ya ga laifinsa. Tun ranar kotu bai ƙara tura wa kowa muryarsa ba, amma Auta ta ce duk sanda suka haɗu sai ya tambayi jikin Yaya.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe juna, ku riƙe 'ya'yan Baffanku, kada a sake jin ku a kotu. Ku karanta masa wannan takarda da bakinku, ku gaya masa Yaya ya ji sunan nan ranar kotu, ya yi shiru.