Ragon Saukar Maitama

Daga ofishin Shugaban Makaranta, zuwa ga ɗalibinmu mafi yawan furfura, Malam Maitama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya buɗe maka kai, Ya rage maka gyangyaɗi a aji. Bincikenmu ya nuna mutanen gidanku a Ƙarfi duk lafiya lau. Maiɗakinka Ladidi ta warke daga zazzaɓin nan, 'yarka Naja'atu ta fara tafiya, masara kuma ta shigo gida, don maƙwabcinka Bitrus ya kira gayya an karye ta kaf.

Labari ya iso ofishina cewa ka buga wa Ladidi waya za ka tattara ka dawo. Wai jarrabawar farko ta kayar da kai, wai yaran aji Baba suke ce maka, ranar da ka fara shiga ma tsit suka yi suna jira ka soma koyarwa. Ka ce gara ka koma gidan gurzar audugar Funtuwa, inda ka shekara da shekaru kana ba da umarni. Hukumar makaranta ta zauna, ta ce ba ta yarda ba, dalilinta kuwa yana nan ɗaure a turke a tsakar gidanku.

Ranar da ka tafi, Gwaggo, wato ina nufin mahaifiyarka, ta tambayi yaushe za ka sauke. A saninta, duk wanda ya shiga karatu sai an yanka masa rago ranar sauka. Ba ta shawarci kowa ba, ta sayar da awakinta, ta aika kasuwar Musawa aka sayo shi. Da aka gaya mata karatun naka na shekaru ne, sai ta ce madalla, ragon ma ya samu lokacin yin ƙiba. Yanzu ya gama da dusar gidan, ya tsinke igiya ya aske zogalen Ladidi, ya tunkuyi mai unguwa yana tsakiyar gaisuwa. Mahauta sun zo tayi, ta kore su. Da Sallah aka ce a yi layya da shi, ta ce ba mai taɓa shi sai ɗanta ya shigo da takardarsa a hannu. Kullum da yamma takan jawo tabarma kusa da shi, tana cewa Allah dai Ya nuna mata ranar. Har yau ba wanda ya iya gaya mata zancen dawowarka, ko Ladidi.

Faɗuwa ɗaya ce ta firgita ka haka? Ni kaina, duk girman kujerar nan tawa, na daɗe a kan allo guda ina shan bulala kafin Malam ya bari in wanke.

Gwaggo tana sa maka albarka. Ladidi, Naja'atu da Bitrus suna gaishe ka.

To, miƙe daga durƙuson da ka yi, babu wani shugaba. Taubashinka ne, mai yanko wa ragon nan ciyawa safe da yamma. Bayana ya ƙage, amma zan ci gaba har ka gama. In kuwa ka dawo hannu sake, kai za ka shiga ka gaya wa Gwaggo da bakinka, ragon yana kallon ka.

Naka, ko ka so ko ka ƙi,
Mus'ab