Rasuwar Malama Kausar da Kayan Yaranta da Aka Ba 'Yan Gwangwan

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Kuza ta Gada Biyu, Jos, ta samu labarin rasuwar 'yarmu, Injiniya Malama Kausar Shu'aibu, ranar Lahadi bayan gajeruwar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiyar ta zo ta roƙi aron zaurenmu don ta riƙa koya wa yara haɗa mutum-mutumi da rubuta wa kwamfuta umarni duk Asabar, ni ne kuma na farko da ya ƙi, don na ɗauka wasan banza ne. Sai da na ga Magadaliya Dung, 'yar mai sayar da kabeji a Farin Gada, ta haɗa injin tsohuwar fanka da gwangwanin madara, abin yana ba tumatir ruwa da kansa in ƙasa ta bushe, sannan na miƙa makulli. Malama ba ta taɓa tambayar yaro addininsa ko yarensa ba, sai dai ta tambaye shi ko ya karya kumallo.

To, jama'a su ji. Da aka tashi share zauren don zaman makoki, wasu 'yan kwamitinmu, manya da furfurarsu, suka ga wayoyi da gwangwanaye da ƙananan tayoyi, suka ce tarkace ne, suka kira 'yan gwangwan suka loda musu komai a baro don a samu wurin shimfiɗa tabarmi. Yaran suka zo gaisuwa suka tarar da kantar da suke ajiye kayansu wayam. Wato an zauna ana yi mata addu'a a daidai wurin da aka watsar da aikinta.

Da idona na ga yadda aka yayyanka injinan kuzar da muka ƙare ƙuruciyarmu a kansu aka sayar a sikeli, yau ba mu da ko ƙusa ɗaya da za mu nuna wa jika. Ba za a sake mana wannan ina raye ba. Ubangidan 'yan gwangwan ɗin ya ce motarsa za ta tashi da kayan yaran ranar Alhamis. Waɗanda suka loda kayan sun san kansu, su je su kwaso su da hannunsu, su ba yaran haƙuri, in ba haka ba kada su sake taka zauren nan.

Muna miƙa ta'aziyya ga mahaifinta, Alhaji Shu'aibu Tela, da mahaifiyarta, Hajiya Balaraba, da ɗalibanta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna makomarta, Ya ba iyalai juriyar rashi.

Iyaye ku turo yaranku ranar Asabar. Ban iya abin da take koyarwa ba, amma makullin yana aljihuna, kuma zan buɗe.

Sa hannu:
Malam Ishaku Sajo, Sarkin Haƙa
Shugaban Dattawa, Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Kuza, Gada Biyu, Jos