Takin da Ɗan Iya ya sayar

Zuwa ga yayata Safara'u,

Bayan gaisuwa, ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a Fatakwal. Dakon albasa ba wuya, bayana ne dai ke ɗan ciwo. Kada ki faɗa wa Inna.

Direban da zai kawo miki takardar nan ya ce Ɗan Iya ya sake fitowa takarar kansila, kuma gari ya bi shi. Shi ne fa mutumin da ya karkatar da takin zamanin da aka turo mana ya sayar, geronmu ya tsaya iya gwiwa, har na bar gona na taho nan. Wai ranar jana'izar Malam Usaini shi ya shiga kabari da babbar rigarsa ya karɓi gawa, sai dattawa suka ce magana ta wuce.

Ki ce wa mijinki ya kai takin turke gona da wuri, kada ya jira na gwamnati.

Na so in ce ku ƙi Ɗan Iya, amma bakina ya mutu. Shekaranjiya ya kira ni a waya, ya ce, "Halilun Inna, ya bayan naka?" Shekara uku ba wanda ya tambaye ni haka. Yaya, sai na ji ina ce masa Allah ya ba da sa'a.

Allah ya ba ku damina mai albarka. Kada ku sa ran ganina bana.

Ƙaninki,
Halilu