Farar Rigar Hindatu

Daren Laraba, Tudun Wada

Yau kam ba mai taɓa ni a layin nan! Sunan ƙanwata Hindatu ya fito, za ta karanci likita. Ni dama na faɗa, ƙwaƙwalwa a gidanmu take, tawa ma na bar mata ne na kama keken ɗinki.

Ta ce sai da farar riga ake shiga lab, ɗakin gwaje-gwajensu. Na ce ga tela a gida? Na yanko farar shadda, na zuba mata aiki tun daga wuya har ƙirji, ta sha bugu sai ƙyalli take.

Da ta ɗaga ta, dariya har da hawaye. "Yaya Sale, gawa fa za mu riƙa yankawa, ba biki za ni ba. Koro ni za su yi!"

Ga shi kuma Litinin za ta fara. Na samo farin yadi zalla, da asuba zan ɗinka mata wata, ba ado ko ɗaya. Raina dai bai so ba.

Shaddar kuwa ta ninke ta sa a akwati. Wai ranar da za a rantsar da ita likita za ta saka, ta ga wanda ya isa ya hana ta.