Jirginka Bai Sauka a Bukkuyum Ba

Zuwa ga ƙanena Abdussamad,

"Yaya, wallahi kafin a yi shukar gero ina gida, ko da a ƙafa zan taho." Maganarka ce wannan. Ranar ƙaramar Sallah ka faɗa mini ita a waya, Inna tana gefena tana ji. To, an shuka gero, an nome, an maimaita, an girbe, har an ɗaure dammuna. Ƙafar taka dai ba mu gan ta ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ban manta da gaisuwa ba, na dai ga ya kamata alkawarinka ya riga ta shiga. Ina fata kana lafiya, kai da Fiddausi da yara, da fama da ruwan Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare mana ku. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta yi kyau, wake ya fara fure, Kawu Shitu ya tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da shi. Inna ce ba lafiya, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Saƙonka ya iso, wanda ka ce in ɗauko maka hoton gidanmu ta kowace kusurwa, zaure da rumbu da rijiya, wai za ka gyara yadda gidan yake fitowa a wasanka na tuƙin jirgi. Kada ka zaci ban gane abin ba. Ni na koya maka karanta taswira tun kana zuba majina. Na san kujera ce da kwamfuta da sandar tuƙi a ɗakinka, na kuma san kana ta ɗora wa manhajar sababbin hotunan ƙasa don garuruwa su fito kamar gaske. Ka ce da can Bukkuyum ja-ja-ja kawai take fitowa, yanzu kuwa har gulbi da rumfunan kasuwa ana gani. Madalla. Sai dai durumin da ka nuna a ƙofar gida ya faɗi tun daminar bara, kuma gonar Baba da ka shimfiɗa wa titin saukar jirgi, dawa ce a cikinta, ta fi ka tsawo. Ba na ƙin wasanka. Kowa da abin da yake huta da shi, ni ma ina da littattafaina. Amma hoto ko ɗaya ba zan aiko ba.

Ga abin da bidiyon wasan nan da ka turo mana ya jawo. Ka san idon Inna ya yi rauni, amma kunnenta garau. Da na kunna mata, ba ta ga allo ba, ba ta ga tebur ba. Ƙarar inji ta ji, da muryarka kana cewa, "Inna, ga ni bisa gidanmu." Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa Abdussamad ya zama matuƙin jirgi, ya ratsa ta kanmu, aiki ne ya hana shi sauka. Ka fi kowa sanin cewa a nan ƙarar jirgi ba abin murna ba ce. In an ji ta, mata yara suke tattarawa su shige ɗaki. Uwarka kuwa tsakar gida take fitowa, ta cire mayafi tana kaɗawa sama. Iya Basira maƙwabciyarmu ta sha janyo ta, ita kuma ta ce a sake ta, ɗanta ne, in bai gan ta ba zai ce ba ta nan.

Makon jiya an tashi da yayyafi, jirgi ya wuce, ta fito da sauri, santsi ya ɗauke ta a bakin rijiya. Hannun dama ya karye. Mai ɗori yana ja, tana salati, amma ka san abin da ya dame ta? Ta kama gefen zanena ta ce kada in kuskura in gaya maka, kada hankalinka ya tashi kana sama da 'ya'yan mutane a bayanka. Fita na yi bayan rumbu.

Na san za ka ce hanya. Ba ƙarya ka yi ba, hanya ba daɗi, muna fita da addu'a muna dawowa da addu'a. Amma Kawu Shitu da furfurarsa yana zuwa Gusau ya dawo, ni ma ina zuwa Gummi. Ba mu fi ka rai ba. Kai da kake sauke jirgi cikin hadari a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, ba za ka kasa shiga motar haya ba.

Ban faɗa wa Inna gaskiya ba, kuma ba zan faɗa ba. Bakin da ya ce "ga ni bisa gidanmu" shi zai warware.

Ka gaishe mini da Fiddausi da Hamza da Rabi, ka ce Gwaggo tana sa musu albarka. Kawu Shitu da Iya Basira suna gaisuwa. Inna ta ce a gaya maka ta ajiye maka gero sabo na fura, kuma ka riƙa saukowa ƙasa kaɗan in ka zo daidai gida.

Mai ɗori ya ce Juma'ar ƙarshe ta wannan wata zai kwance karan ɗorin. Ina so hannun nan, in ya fito, kanka zai fara dafawa. In Juma'ar ta wuce ba ka yi sallama a zaure ba, ranar Asabar zan sa Inna a mota, da ita da ƙullin geronta, mu kamo hanyar Fatakwal komai nisanta. Zan shigar da ita ɗakin nan naka, in zaunar da ita a kan kujerar matuƙi, in ɗora hannunta a kan sandar. Sai ka tsaya a gabanta ka nuna mata inda kake sauka.

Wassalam.

Yayarka,
Lubabatu